Busasshiyar rigar nutso ta ci kuɗinta a ruwan Sikotilan?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a birnin Abadin (Aberdeen) na Sikotilan ya aiko da tambaya. Ya ce a Dahab ta ƙasar Masar ya koyi nutso da tukunyar iska, ya yi nutso kamar ashirin, duka a Bahar Maliya, cikin jiƙaƙƙiyar riga, wato rigar roba da ruwa ke shiga cikinta, mai kaurin milimita 5. Yanzu yana son shiga ƙungiyar masu nutso a Sikotilan, kowa kuma sai ce masa yake ya sayi busasshiyar riga, wadda a shagunan can ake kira dirai-sut. Ya duba farashi ya ga ta haura kuɗin hayar ɗakinsa na wata. Shin ba zai sayi jiƙaƙƙiya mai milimita 7 ya daure ba?

Ƙanena, idan da gaske kake za ka riƙa nutso a wannan ƙasa, ba leƙawa sau ɗaya don hoto ba, busasshiyar riga ta ci kuɗinta. Amma kada ka saya a wannan watan, zan faɗa maka dalili a gaba. Bari mu fara da kalmar da ka yi amfani da ita, wato daurewa, don a nan ne yawancin waɗanda suka taso daga ruwan ɗumi suke yin kuskure. Ni ma a nan na yi nawa.

Ruwan Dahab ko a tsakiyar hunturu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 21, da bazara kuwa yana kai wa 27 ko 28. Tekun da ke gaban Abadin yana wajen digiri 6 a watannin Fabrairu da Maris, idan ya yi ɗumi sosai a Agusta sai ya taɓa 13 ko 14. Ka lura teku ba ya bin rana nan take. Za ka ga Mayu ya shigo, furanni sun fito, Turawa sun tuɓe riguna suna shan hantsi, alhali ruwa bai wuce digiri 8 ko 9 ba. Kuma digiri 12 a ruwa ba ɗaya ba ne da digiri 12 a iska. Na iska shi ne sanyin asubar hunturu a Kano, ka sa rigar sanyi ka sha shayi ka tafi harkarka. Ruwa kuwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi. Jikinka yana riƙe da digiri 37 a ciki, idan ya faɗo ƙasa da 35 an shiga maganar asibiti. Sai dai tun kafin a kai can, sanyi ya riga ya karɓe maka abubuwa biyu da kake rayuwa da su a ƙarƙashin ruwa: yatsunka da hankalinka.

Shekarata ta farko a nan, na shiga ruwa a Afrilu da jiƙaƙƙiya mai milimita 7, har da ƙarin falmaran a kai, ina ganin na gama shiri. Minti ashirin na farko lafiya lau. Da lokacin tashi ya yi, na kai hannu zan kwance maƙalar balan-balan ɗin da ake aikawa sama don jirgi ya san inda kake. Maƙalar da yaro ɗan shekara biyar zai buɗe, sai ga shi babban yatsana ya ƙi danna ta. Ina kallon hannun, ina ba shi umarni, shi kuwa kamar na wani. Abokin nutsona ne ya matso ya buɗe mini. Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya shi ne na kwashe kusan minti goma ban duba ma'aunin iskata ba, kuma ban san ban duba ba. A lokacin ban ji ina shan wahala ba, shi ya sa daurewa ba ta da amfani a nan. Mai daurewa yana jin zafi ya cije. Sanyi kuwa sai ya rage maka tunani, ya kuma ɓoye maka cewa ya rage.

Yanzu ga dalilin da ƙarin kauri ba ya warware matsalar. Mutane da yawa suna zaton ruwan da ya shiga jiƙaƙƙiyar riga, jiki ya ɗumama shi, shi ne ke hana sanyi. Ba shi ba ne. Robar niyofirin da ake yin rigar da ita cike take da ƙananan kumfan iska, su ne bargon. Matsin ruwa kuma ba ya tausayin kumfa. A zurfin mita 10 matsi ya ninka na saman ruwa sau biyu, a mita 30 ya ninka sau huɗu, rigar ta motse, wajen rabin kaurinta ya tafi. Wato a daidai wurin da ruwa ya fi sanyi, nan ne rigarka ta fi zama shara-shara. Ga wata matsala ta biyu: riga mai kauri tana ɗaga ka sama sosai, dole ka ɗaura dalma mai yawa kafin ka nutse, idan ka sauka ta motse sai ka wayi gari da nauyi fiye da ƙima, kana ta cusa iska a falmaran ɗinka na iska, mai daidaita tsayuwarka a ruwa, don kada ka dangana da ƙasa.

Sannan akwai abin da ba wanda ke faɗa wa sabon zuwa, wato zaman da ke tsakanin nutso na farko da na biyu. Ka san yadda randa ke sanyaya ruwa, gefenta na tsatstsafa, iska na bugawa. To mutum a jiƙaƙƙiyar riga a kan jirgi, iskar Tekun Arewa na kaɗawa, randa ne. Awa ɗaya da rabi yana zaune yana ƙara yin sanyi maimakon ya farfaɗo. Na sha ganin mutane sun biya kuɗin jirgi na nutso biyu, sun yi ɗaya, na biyun suna cikin ɗakin jirgi rungume da kofin shayi, leɓe ya yi shuɗi. Idan za ka yi lissafin tsada, ka sa wannan asarar a ciki.

Busasshiyar riga dabararta daban ce, kuma mutane suna yi mata mummunar fahimta. Ita kanta ba ta ɗumama kowa. Jaka ce mai siffar mutum, an toshe ta a wuya da wuyan hannu biyu, da zif wanda ruwa ba ya ratsawa. Aikinta ta hana ruwa taɓa ka, ta riƙe siririyar iska a kewayen jikinka. Ɗumin daga kayan da ka sa a ciki yake zuwa. Akwai bawul a ƙirji da ke haɗe da tukunyarka, kana sauka kana ɗan danna shi, iska na shiga tana mayar da abin da matsi ya cinye, saboda haka bargonka a mita 30 kusan yadda yake a mita 3. Akwai wani bawul ɗin a dantsen hagu da ke fitar da iska idan kana tashi. Duk sirrin ke nan.

Tun da ɗumi daga ciki yake, kayan ciki ba wurin tsumulmula ba ne. A jikin fata ka sa ulun merino ko yadin roba mai janye gumi, a kai ka ɗora rigar ciki ta nutso mai kauri, irin mai Thinsulate ko makamancinta. Auduga haramiyarka ce a nan. Singiletin auduga yana shan gumin da ka yi wajen ɗaukar kaya, ya riƙe shi, ka shiga ruwa ya zama tsumma mai sanyi manne da bayanka. Na ga wanda ya sayi riga ta kusan fam dubu biyu, ya sa wandon jins da rigar ƙwallo a ciki, ya fito yana cewa an cuce shi.

Akwai kuma dalilin lafiya da ya wuce jin daɗi. Lokacin da kake ƙasa, iskar naitirojin tana narkewa cikin jikinka, idan kana tashi dole ta fita a hankali ta hanyar jini da huhu, in ba haka ba ta yi kumfa, ga ciwon nan na masu nutso da ke kai mutum ɗakin matsi na jinya. Idan jiki ya yi sanyi, jijiyoyin jini na fata da gaɓoɓi suna tsukewa, fitar naitirojin ta yi nawa. Sashen gwajin nutso na rundunar sojan ruwan Amurka da ke Panama City a jihar Fulorida ya fitar da sakamakon wani gwaji a 2007: waɗanda suka yi zaman ƙasa cikin ɗumi sannan suka tashi cikin sanyi sun fi kamuwa da ciwon nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta da waɗanda suka yi akasin haka. Ruwan da suka kira mai sanyi a gwajin wajen digiri 27 ne, wato ruwan Dahab ɗinka. Ka duba yadda nutso da jiƙaƙƙiya yake a Sikotilan: ka shiga da ɗuminka, jiki na shan naitirojin da kyau, ka zo tashi kana rawar ɗari. Daidai tsarin da ba a so.

To ina iyakar take? A ganina, ƙasa da digiri 10 babu muhawara. Ko ma'aunin Turai na regileta, wato na'urar da kake shaƙar iskar tukunya ta cikinta, EN 250, daga digiri 10 ya ja layin ruwan sanyi, kuma wannan ya shafe ka: idan ka zo da regiletarka daga Masar, duba jikinta, in an rubuta ta sama da digiri 10 ce, tana iya ƙanƙarewa ta buɗe ta yi ta zubar da iska. Tsakanin 10 da 15, mai jiki zai iya nutso ɗaya gajere marar zurfi da milimita 7 mai kyau, amma nutso biyu a rana, kwana biyu a jere, busasshiya ce. Sama da 18, jiƙaƙƙiya ta wadatar wa yawancin mutane. Siriri ya ƙara digiri biyu ko uku a kan duk abin da na faɗa. Ka ga ke nan a Sikotilan watannin da jiƙaƙƙiya za ta ɗan yi maka aiki ba su da yawa, su ma da ƙyar.

Yanzu ɓangaren da masu shago ba sa son daɗewa a kai. Wannan riga tana iya kashe wanda bai koye ta ba. Ka ɗora wa kanka jakar iska ta biyu, kuma iskar cikinta tana yawo, kullum tana neman wurin da ya fi tudu. Idan ka sunkuyar da kai kana leƙen wani kaguwa a ƙarƙashin dutse, ƙafafunka suka ɗaga, iskar duk ta gudu can. Bawul ɗin fitarwa yana dantse, a ƙasa ke nan, ba abin da zai fita. Ka fara tashi ƙafa a sama, kana tashi iskar na ƙara kumbura, tana kumbura kana ƙara gudu, wani lokaci har takalman ninƙaya su fice daga ƙafa. Maganinsa sananne ne, ka dunƙule ka yi alkafura ka dawo kai a sama, ka ɗaga dantse iska ta fita. Amma abu ne da ake koya a wurin wanka mai zurfin mita 3, a maimaita har jiki ya haddace, ba a ranar da ya faru a mita 25 ba. Haka nan bawul ɗin ƙirji yana iya maƙalewa a buɗe idan gishiri ya taru a ciki, ya yi ta hura ka. Dole hannunka ya iya cire tiyon nan take, sanye da safar hannu mai kauri. Idan kuma ka manta haɗa tiyon ka sauka, rigar za ta matse ka har ta bar maka shaidar bulala a jiki, ta hana ka ɗaga hannu. Bakin wuya idan ya yi tsauri yana danne jijiyoyin wuya, mutum ya ji jiri tun yana kan jirgi. Idan fuskarka ta kumbura ko kanka ya fara sarawa, ba haka ake sabawa ba, a rage shi.

Makarantu sun sha bamban a kan ko da rigar za ka riƙa daidaita tsayuwarka a ruwa ko da falmaran. Ni ina tare da masu cewa ka sa wa riga iskar da za ta sake ka kawai ta kuma buɗe kayan ciki, saura ka bar wa falmaran. Ƙaramar iska a riga, ƙaramin rikici. Amma duk wanda malaminka ya koya maka, riƙe shi har ka ƙware kafin ka fara gwaje-gwaje. Kwas ɗin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, na wannan riga zama ɗaya ne a wurin wanka da nutso biyu a buɗaɗɗen ruwa. Rassan BSAC, ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya da aka kafa a 1953, da yawa suna koyar da ita a cikin horonsu na yau da kullum, kuma ga ɗalibi wannan hanyar ta fi sauƙin kuɗi. Ko da ka karɓi katin shaidar horon, ka sa rai sai ka yi nutso goma zuwa ashirin kafin ka daina jin kamar yau ka fara. Za ka ƙara dalma, za ka ji ruwa na riƙe ka, iskarka za ta riƙa ƙarewa da wuri a farko. Kowa haka ya bi.

Maganar fitsari kuma ba abin kunya ba ce a wannan sana'a. Shiga ruwa, balle mai sanyi, yana sa ƙoda aiki. Masu jiƙaƙƙiya kowa ya san abin da suke yi. Mai busasshiya ba shi da wannan hanyar, sai wasu su daina shan ruwa tun safe, wanda kuskure ne, don ƙarancin ruwa a jiki ba ya taimakon mai nutso. Ka sha ruwanka, ka kewaya dab da rufe zif. Masu dogon nutso suna sa bawul na musamman a cinya, kai ba ka kai can ba tukuna. Ga mu masu salla kuwa akwai wata riba da Turawan ƙungiya ba za su ambata maka ba: ka fito, a zuge maka zif, ka zame rigar, ga ka a bushe cikin sutura mai tsabta, ka yi Azahar ɗinka. Ba tsayuwa da tawul a filin ajiye motoci kana kokawa da jiƙaƙƙiyar roba a gaban jama'a. 'Yan'uwa mata da na koyar sun fi kowa yaba wannan.

Iri biyu za ka tarar a kasuwa. Akwai mai siririn yadi mai hawa uku, ba nauyi, tana bushewa da wuri, tana shiga jakar tafiya, kana canza kayan ciki gwargwadon wata. Akwai ta niyofirin da aka riga aka danne tun a masana'anta, ta fi nauyi, ta fi jimirin gogayya da ƙarfen jiragen da suka nutse, kuma idan ta yi yoyo ba ka rasa ɗumi gaba ɗaya. Ni mai hawa uku nake sawa, amma ba zan yi musu da mai ɗayar ba. Abin da ya fi iri muhimmanci shi ne ta zauna maka. Ka sa ta da kayan cikinta, ka tsuguna, ka kai hannu bayan wuyanka kamar za ka taɓa bawul ɗin tukunya. Idan ka kasa, ba taka ba ce komai arharta. Takalmin da ya yi maka yawa kuma ɗakin ajiyar iska ne, shi ke jawo tashin ƙafa a sama.

Kuɗi: sabuwa tana farawa daga 'yan ɗaruruwan fam, wadda aka ɗinka da awonka a kamfanoni irin su Otter, O'Three ko Santi tana iya wuce dubu biyu. Ƙara kayan ciki, hula, safar hannu da horo. Bakin wuya da na hannu na roba suna tsufa su tsage bayan 'yan shekaru, sai an sauya. Zif shi ne mafi tsada wajen gyara, kuma shi ne ke mutuwa da wuri a hannun malalaci. Na ƙarfe yana son a riƙa goga masa kakin zuma ko na kyandir, kada a lanƙwasa shi wajen naɗewa. Idan an kula da ita, riga tana shekara goma.

Dalilin da na ce kada ka saya yanzu shi ne ban san tsawon zamanka ba, kai ma ba ka san ko za ka so ruwan nan ba. Ba Bahar Maliya ba ne. Ruwan kore ne, wani lokaci ba ka ganin abin da ya wuce mita 5, ga igiya, ga ruwan sama. Wasu sukan gwada sau uku su ce a kai kasuwa. Idan digiri na biyu na shekara ɗaya ka zo yi, daga nan ka koma gida, nutsonka na gaba kuma a Masar ko Zanzibar, haya ta fi maka. Tambayi kuɗin hayar kwana ɗaya, ka raba kuɗin sabuwa da shi, za ka ga kwana nawa za ka yi kafin saye ya fi riba. Wanda zai yi shekara uku yana fita sau biyu a wata, lissafin ba ya ma buƙatar biro.

Kuma akwai wuraren da ita ce mabuɗinsu. A Scapa Flow da ke tsibiran Orkney, jirgin ruwa na tashi daga Abadin ɗinka zuwa can, sojojin ruwan Jamus sun nutsar da jiragensu da hannunsu ranar 21 ga Yuni 1919 don kada Ingila da ƙawayenta su rabe su. Jirage 52 suka nutse a cikin 74. An ciro yawancinsu daga baya, amma manya bakwai suna nan kwance: König, Markgraf, Kronprinz Wilhelm, Cöln, Dresden, Brummer da Karlsruhe. Mafi kusa da saman ruwa, Karlsruhe, yana wajen mita 25, Markgraf kuwa ya kai 45. Ana zuwa can a yi mako guda, nutso biyu kullum. Babu jiƙaƙƙiyar rigar da za ta kai ka ranar Laraba. A Silfra ta ƙasar Aisilan, tsagar dutse mai ruwa garai-garai da ke tsakanin digiri 2 da 4 duk shekara, ba za a ma bar ka ka nutse ba sai ka nuna katin busasshiyar riga, ko shaidar nutso goma da ita cikin shekara biyu da suka wuce. Kusa da gida kuma ga St Abbs a kudu maso gabas da Oban a yamma, na ƙarshen mako.

Saboda haka ka shiga ƙungiyar, ka yi horon da rigar aro ko ta haya, ka gwada iri biyun in ka samu dama. Bayan nutso biyar ko shida za ka san girmanka da abin da kake so. Sannan ka sanar a ƙungiya kana neman ta hannu, don kusan kullum akwai wanda ya yi ƙiba ko ya daina. Kafin ka biya, ka miƙe bakin wuyan ka duba ko ya yi tsage-tsage ko yana danƙo, ka bi haƙoran zif ɗaya bayan ɗaya, ka kuma nemi a toshe wuya da hannaye a hura ta a shafa ruwan sabulu a ɗinkunan, duk inda ya yi kumfa yoyo ne. Ƙaramin yoyo da bakin wuya abin gyara ne, ka yi amfani da su wajen neman ragi. Zif da ya fara zare kuwa, ka tambayi kuɗin sauya shi tukuna, ka cire daga farashin, in mai rigar ya ƙi ka bar masa kayarsa.